Zaɓen Fenti Domin Sassan Mazaunin Inji a Tsofaffin Motocin Akori-kura: Misali Daga Chevrolet C10 (1967–1972)

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake zaɓen fentin da ya dace da sassan da ke ƙarƙashin bonet na tsohuwar motar akori-kura a yayin da ake sabunta ta. An ɗauki motar Chevrolet C10 ta ƙasar Amurka, ƙirar shekarar 1967 zuwa 1972, a matsayin abin misali. Maƙalar ta nuna cewa mazaunin inji wuri ne mai yanayi iri-iri, inda zafi da ruwaye masu cin fenti da nau'in ƙarfe suke bambanta daga wannan sashe zuwa wancan, don haka fenti ɗaya ba ya wadatar da su duka. An bayyana manyan nau'o'in fenti da yadda kowane yake bushewa, sannan aka bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe an tattauna saɓanin da ke tsakanin mayar da mota kamanninta na asali da neman ƙarko, tare da haɗarin da aikin yake da shi ga lafiyar mai fenti.

Fitilun Kalmomi: akori-kura, mazaunin inji, fenti, tsatsa, sheƙi, adana kayan tarihi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka, sabunta tsofaffin motocin akori-kura ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma abin sha'awa ga dimbin mutanen da suke yin aikin a garejin gidajensu. Idan aka kai irin wannan mota wurin baje koli, abu na farko da mai ita yake yi shi ne ɗaga bonet, domin a nan ne masana suke gane ko an yi aiki na ƙwarai ko kuwa an yi shafe-shafe ne kawai. Fentin jikin mota na waje yana fama da rana da ruwan sama, amma wanda ke ƙarƙashin bonet yana fama da zafin inji da fetur da baƙin mai da man birki da ruwan batir, duk a wuri guda.

Kuskure a wannan wuri yana da tsada. Galibi ba a samun damar fente mazaunin inji da kyau sai an sauke injin, an kwance wayoyi da bututai. Idan fentin ya ɓare bayan an mayar da komai, gyaransa na nufin a sake kwance motar. Haka kuma, fentin da bai dace ba yana iya rage darajar motar a idon masu tara kayan tarihi, wani lokaci ma ya hana wani sashe yin aikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da ƙa'idojin da ake bi wajen wannan zaɓi, ta kuma gwada bayyana su da harshen Hausa.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Akori-kura suna ne da Hausawa suka ba ƙaramar motar ɗaukar kaya mai mazaunin direba a gaba da buɗaɗɗen baya. A ƙasar Hausa an fi sanin wannan siga a jikin Peugeot 404 da 504, musamman bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Mazaunin inji kuwa, a wannan maƙala, yana nufin duk wurin da bonet yake rufewa: injin kansa, da bangon da ya raba shi da mazaunin direba, da madigadin ciki na dama da hagu, da ƙarfen da yake riƙe lagireto, da ƙananan ƙarafan da ake ɗaura sauran kayayyaki a kansu. An yi amfani da “fentin shimfiɗa” domin fentin farko da ake sawa a kan tsuran ƙarfe kafin na sama. Duk ma'aunin zafi da aka kawo na Salshiyas ne.

2.0 Yadda C10 Ta Fito Daga Masana'anta

Chevrolet reshe ne na kamfanin General Motors. A sunan C10, harafin C yana nuna cewa ƙafafun baya kaɗai ne suke jan motar, lamba 10 kuma tana nuna ajin rabin tan. Ƙirar 1967 zuwa 1972 tana daga cikin waɗanda masu sabunta motoci suka fi nema, kuma har yau ana ƙera kayan gyaranta sababbi. An sayar da ita da injina masu silinda shida a jere, kamar wanda ake kira 250 mai lita 4.1, da kuma masu silinda takwas da ake kira V8, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne 350 mai lita 5.7, wanda ya shigo waɗannan motoci a shekarar 1969.

Injinan V8 na Chevrolet a wannan zamani galibi suna fitowa ne da launin ruwan goro, launin da ya zama tamkar tambarin kamfanin har zuwa 1976, kafin a koma shuɗi a 1977. Abokin gasarsa, wato Ford, ya tsayar da shuɗi a kan injinansa a 1966. Ke nan launin inji shaida ce ta tarihi, domin yana nuna kamfani da zamani. Madigadin ciki da ƙarfen da ke riƙe lagireto kuwa baƙi ne mai matsakaicin sheƙi. Akwai kuma wata takarda da ake mannawa a cikin akwatin ajiya da ke gaban fasinja, wadda take ɗauke da lambar fentin jiki da jerin kayan da aka haɗa motar da su. Idan ta tsira, daga kanta mai sabuntawa yake fara bincike.

Abin lura a nan shi ne masana'anta ba ta ɗauki mazaunin inji wurin ado ba. A masana'antun injina irin na Filint a jihar Mishigan da Tonawanda a jihar Niyok, ana fesa wa inji fenti ne bayan an harhaɗa mafi yawan sassansa, cikin hanzari, ba tare da fentin shimfiɗa ba. Feshin yakan fantsama a kan abin da ke kusa, wasu lunguna kuma su tsira da ɗan kaɗan. Kayan da ake ɗorawa daga baya, kamar kafireta da altaneta, suna zuwa da kalar ƙarfensu ko ta sinadarin da aka tsoma su a ciki. Wannan ya sa asalin mazaunin inji ya ƙunshi launuka da yawa: ruwan goro, da baƙi iri-iri, da ruwan toka na ƙarfen zubi, da farin alminiyam, da ruwan zinariya mai dishi-dishi na kafireta.

3.0 Abubuwan da Suke Cin Fenti a Mazaunin Inji

3.1 Zafi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da ke ƙarƙashin bonet yana buƙatar fenti mai jure matsanancin zafi. Binciken yanayin wurin yana nuna akasin haka. Gangar jikin inji ruwa ne yake zagayawa a cikinta, kuma na'urar daidaita zafin ruwan tana buɗewa ne a tsakanin digiri 82 zuwa 90. Saboda haka fatar injin ba ta cika wuce digiri 120 ba, sai a kusa da ƙofofin fitar hayaƙi. Fentin inji na gwangwani da kamfanoni irin su Dupli-Color suke sayarwa an rubuta cewa yana jure digiri 260, wanda ya ninka abin da ake buƙata. Madigadin ciki da bangon gaban direba ba su kai inji zafi ba ma.

Inda zafi yake da gaske shi ne manifol, wato ƙarfen da yake tattara hayaƙi daga silinda ya miƙa wa salansa. Zafinsa yakan haura digiri 500 idan motar tana jan kaya. A irin wannan zafi fentin inji na yau da kullum ƙonewa yake yi ya zama toka. Ke nan ta fuskar zafi, mazaunin inji ya kasu gida uku: mai ɗumi, da mai zafi, da mai ƙuna, kuma na ukun nan ɗan ƙaramin yanki ne.

3.2 Ruwaye Masu Cin Fenti

A mafi yawan sassa, ruwaye sun fi zafi ɓarna. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 an yi shi ne da sinadaran dangin gilaikol, kuma yana laushe fenti ya ɗaga shi kamar yadda maganin cire fenti yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa a tsofaffin motoci ake yawan ganin tsatsa a ƙasan tukunyar man birki, a jikin bangon gaban direba. Nau'in DOT 5, wanda aka yi da silikon, ba ya cin fenti, shi ya sa wasu masu motocin baje koli suke komawa gare shi, ko da yake ba a gauraya shi da sauran, sai an wanke bututan birki gaba ɗaya.

Ruwan batir asid ne na salfa da aka sirka da ruwa. Tururinsa da ɗigonsa suna cin fenti da ƙarfe tare, don haka mazaunin batir da madigadin da ke ƙarƙashinsa suna cikin wuraren da suka fi ruɓewa a C10. Fetur kuma yana ɗiga daga kafireta a kan saman inji, kuma mafi yawan fetur da ake sayarwa a Amurka a yau yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol. Baƙin mai da giris ba su cika cin fentin da ya bushe ba, illarsu tana zuwa ne tun kafin a yi fentin, domin suna shiga ƙananan ramukan ƙarfen zubi su hana sabon fenti kamawa.

3.3 Nau'in Ƙarfe

Gangar inji da manifol ƙarfen zubi ne mai kaushi, wanda fenti yake kamawa da sauƙi idan an tsabtace shi. Madigadi da bango falankin ƙarfe ne mai santsi, wanda sai an karce shi da samfefa ko feshin yashi. Alminiyam yana yin wata siririyar fata da zarar iska ta taɓa shi, wadda take hana fenti mannewa, don haka yana buƙatar fentin shimfiɗa mai ɗan asid, ko na ifoksi. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin na kwanon rufi, shi ma yana da tasa matsalar: idan aka shafa masa fentin mai kai tsaye, tutiyar da man fentin suna haɗuwa su zama wani abu mai kama da sabulu a tsakaninsu, sai fentin ya saɓule.

4.0 Nau'o'in Fenti da Yadda Suke Bushewa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar fenti ita ce a duba yadda yake bushewa, domin daga nan ne ƙarfinsa da rauninsa suke fitowa.

Na farko shi ne laka, wanda yake bushewa ta hanyar tashin tinar da ke cikinsa kawai. Shi ne ya kawo sauyi a masana'antar motoci lokacin da kamfanin DuPont ya fito da Duco, wanda aka fara amfani da shi a motocin Oakland ƙirar 1924, ya rage kwanakin jiran bushewa ƙwarai. Rauninsa shi ne duk abin da ya narkar da shi da farko yana iya sake narkar da shi, don haka ba ya jure fetur.

Na biyu shi ne inamel mai haɗi ɗaya, wanda mafi yawan fentin gwangwani na feshi suke cikin ajinsa. Bayan tina ta tashi, yana ci gaba da tauri sannu a hankali ta hanyar haɗuwa da iska. Yana da araha da sauƙin aiki, ana kuma iya taɓa wurin da ya karce daga baya. Amma juriyarsa ga fetur matsakaiciya ce, man birki kuwa yana ɗaga shi. Yana da wani sharaɗi da masu koyo suke yawan karyawa: shafi na biyu ana yin sa ne cikin ɗan lokaci kaɗan bayan na farko, ko kuma a jira kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwani. Idan aka fesa a tsakanin waɗannan lokuta biyu, na ƙasa yakan yamutse.

Na uku shi ne fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa hadna kafin a fesa. A nan sinadaran biyu ne suke ƙulluwa su zama abu ɗaya wanda tina ba ta sake narkar da shi. Ifoksi, wanda ake amfani da shi a matsayin fentin shimfiɗa, yana kama tsuran ƙarfe da ƙarfi, yana kuma toshe hanyar danshi, sai dai rana tana sa shi yin gari-gari idan ba a rufe shi ba. Yuretan shi ne na sama, kuma yana jure fetur da mai ƙwarai. Zafin gangar inji bai fi ƙarfinsa ba, shi ya sa ƙwararru da yawa suke fente inji da shi. A yanzu ana samun sa har a gwangwanin feshi mai maɓalli a gindi, wanda idan aka danna hadna take gauraya da fentin, daga nan kuma sai a yi amfani da shi cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade kafin ya daskare.

Na huɗu shi ne fentin gari. Ana fesa busasshen gari ne da taimakon lantarki ya manne wa ƙarfe, sannan a gasa a tanda a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200. Yana da kauri da jure duka, amma sai abin da za a iya kwancewa a sa a tanda, wanda kuma babu roba ko mai a jikinsa.

Na biyar shi ne fentin ƙuna, wanda aka yi da silikon da garin tangaran, irin VHT Flameproof da aka rubuta cewa yana jure sama da digiri 700. Wannan fenti ba ya kai ƙarfinsa sai an gasa shi mataki-mataki, daga kimanin digiri 120 zuwa 200 zuwa sama da 300, ana bari ya huce a tsakani. Idan aka shafa shi a madigadi, inda ba zai taɓa samun wannan zafi ba, zai zauna da laushi, fetur kaɗan ya wanke shi. Wannan misali ne na yadda babbar lamba a jikin gwangwani take yaudarar mai saye.

Akwai kuma fentin da ake shafawa a kan tsatsa, irin POR-15, wanda danshin iska ne yake sa shi tauri. Yana kama ƙarfe mai kaushi ko mai tsatsa, amma yana iya saɓulewa daga ƙarfe mai santsi, hasken rana kuma yana dusashe shi. Ya fi dacewa da ɓoyayyun wurare irin su shasi.

5.0 Zaɓi Sashe Bayan Sashe

Idan aka haɗa abin da ya gabata, zaɓin yana fitowa fili. Gangar inji da kan silinda da murfin bawul da kwanon baƙin mai suna karɓar inamel na inji ko yuretan mai launin ruwan goro. Wanda yake son saukin gyara zai ɗauki na farko, wanda kafiretarsa take yawan ɗiga zai fi amfana da na biyu. Manifol sai fentin ƙuna mai ruwan toka, wanda yake kwaikwayon sabon ƙarfen zubi, ko kuma a kai shi wurin masu lulluɓe ƙarfe da tangaran.

Bangon gaban direba sashe ne na kan motar, kuma a kansa man birki yake ɗiga, saboda haka ifoksi da yuretan ne suka fi dacewa da shi. Madigadin ciki da ƙarfen lagireto a C10 da kusoshi aka ɗaure su, ana iya kwance su a fente a waje, ko da yuretan baƙi ko da fentin gari. Mazaunin batir yana buƙatar a fara wanke shi da ruwan bakin-soda domin a kashe asid ɗin da ya rage, kafin a sa masa ifoksi.

Lagireto yana da hukunci na daban. Yana fitar da zafi ne ta iskar da take ratsa siraran fukafukansa, don haka fenti mai kauri yana toshe hanyar iskar ya rage masa aiki. Abin da ake so shi ne shafi ɗaya siriri. Haka kuma ba a kai lagireton jan ƙarfe tandar fentin gari, domin an liƙe sassansa ne da dalma, wasu nau'o'in dalmar liƙi kuwa suna fara narkewa a digiri 183.

Akwai wuraren da ba a son fenti ko kaɗan. Fenti ba ya barin lantarki ya wuce, kuma a irin wannan mota jikin ƙarfen ne yake mayar da wuta zuwa batir. Idan aka fente inda wayar at take ɗauruwa, ko inda kik da altaneta suke zama, sai mota ta ƙi tashi ko ta ƙi caji bayan an gama kashe kuɗi. Haka nan ake rufe fuskokin da gasket yake zama, da ramukan kusoshi, da kwarin da fambel yake gudu a ciki, da lambobin da aka buga a jikin inji, waɗanda su ne shaidar asalinsa.

6.0 Launi da Sheƙi: Asali ko Ƙarko

Baƙi ba iri ɗaya ba ne. Ana auna sheƙi da na'urar da take haska fenti ta karkace, galibi a kusurwar digiri 60, ta ƙididdige hasken da ya dawo, kamar yadda ƙa'idar ISO 2813 ta tsara. Abin da ya gaza 10 ana ɗaukarsa maras sheƙi, wanda ya haura 70 kuma mai sheƙi sosai. Tazarar da ke tsakani tana da faɗi, shi ya sa gwangwanaye biyu na kamfanoni daban-daban, kowane an rubuta masa matsakaicin sheƙi, suke iya saɓawa a ido. Haka abin yake ga ruwan goro, domin na Chevrolet daban yake da na injinan Chrysler. Hanyar da ta fi inganci ita ce a nemi wani lungu da rana da mai ba su taɓa ba, kamar ƙarƙashin wani ƙarfe da ba a taɓa kwancewa ba, a gwada sabon fentin a kan gutsuren ƙarfe a kara su.

Sheƙi yana da tasiri a aikace. Mai sheƙi sosai yana da sauƙin gogewa, amma yana tona duk wata lanƙwasa da ramin tsatsa. Maras sheƙi yana ɓoye aibi, amma yana riƙe datti da shatin yatsa. A nan ne mai mota yake fuskantar tambayar da ta fi ta sinadarai nauyi: me yake so motar ta zama?

Masu kallon mota a matsayin kayan tarihi suna da matsayi bayyananne. Ƙungiyar FIVA, wadda take haɗa ƙungiyoyin tsofaffin motoci na duniya, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi idan an adana ta yadda ya kamata. Yarjejeniyar Turin da ƙungiyar ta fitar, wadda ta fara aiki a 2013, ta yi koyi ne da Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan gine-ginen tarihi, kuma tana ƙarfafa a bar abin asali gwargwadon iko, a kuma rubuta duk canjin da aka yi. A Amurka, ƙungiyar AACA da aka kafa a 1935 tana da aji na musamman domin motocin da aka bar su da kayansu na asali. A wannan mahanga, mazaunin injin da aka mayar baƙi ƙirin mai walƙiya, aka shafe bambancin ƙarfen zubi da alminiyam da tutiya, ya yi kyau a ido amma ya rasa bayanin da yake ɗauke da shi game da yadda ake ƙera mota a 1970. Tsohon fentin da bai lalace ba ya fi kyau a wanke shi a bar shi, domin idan aka kankare shi ba ya dawowa.

A ɗaya ɓangaren, wanda zai riƙa hawan motarsa kullum yana da hujjar fifita ƙarko. Mafi yawan masu sabuntawa suna bin hanyar tsakiya: su yi amfani da sinadaran zamani, wato ifoksi da yuretan, amma a haɗa su da launi da sheƙin asali. Ta haka ido yana ganin abin da masana'anta ta fitar, ƙarfen kuma yana samun kariyar da bai samu ba a wancan lokaci.

7.0 Shirya Ƙarfe da Kare Lafiya

Fenti mafi tsada ba ya zama a kan maiƙo. Ƙa'ida ita ce a fara wanke mai da giris kafin a taɓa samfefa, domin gugar ƙarfe mai maiƙo tura man take yi cikin ƙarfen. Bayan haka a cire tsatsa, a sake gogewa da sinadarin cire maiƙo, a sa fentin shimfiɗa kafin sabuwar tsatsa ta fito. Idan za a yi feshin yashi, ba a yin sa a kan injin da yake a haɗe, domin ƙwayar yashi ɗaya a hanyar baƙin mai tana iya cinye metal. Yanayi ma yana da hannu: ƙa'idar masu fentin ƙarfe ita ce zafin ƙarfen ya ɗara zafin da raɓa take sauka da aƙalla digiri 3. Wannan ya shafi mai fentin Peugeot 504 a Kano ko Damagaram kamar yadda ya shafi na Amurka, domin danshin damina yana dusashe fenti, ƙurar hunturu kuma tana manne masa kafin ya bushe.

Ta fuskar lafiya, haɗarin iri biyu ne. Tsofaffin fentin motoci suna iya ƙunsar dalma da sinadarin kuromet, don haka ƙurar da take tashi yayin kankare su guba ce ga mai aikin da yaran da ke kusa. Hadnar yuretan kuma tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da suke jawo cutar asma ga masu fentin mota. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, abin da hukumomin lafiyar ma'aikata suke ba da shawara shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta bututu. Ke nan ga wanda ba shi da wannan kayan kariya, inamel mai haɗi ɗaya, duk da rauninsa, ya fi zama zaɓi na hankali, ko kuma ya miƙa sassan ga masu wurin feshi na musamman.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zaɓen fenti a mazaunin inji yana bin tambayoyi ne a jere. Da farko a san ƙarfen da aka yi sashen da shi, sannan zafin da yake kaiwa, sannan ruwan da yake iya zuba a kansa. Amsoshin waɗannan su ne suke tsayar da nau'in fenti. Launi da sheƙi suna biyo baya, kuma manufar mai motar ce take yanke hukunci a kansu, ko tarihi yake son adanawa ko motar hawa yake so. A C10, wannan yana nufin ruwan goro a inji, fentin ƙuna a manifol kaɗai, baƙi mai matsakaicin sheƙi a madigadi da ƙarfen lagireto, da barin wasu wurare babu fenti.

Haka kuma, bayanin ya nuna cewa Hausar garejin makanikai ta riga ta mallaki kalmomi irin su lagireto da kafireta da salansa da hadna, amma a fannin sinadaran fenti har yanzu ana dogaro da bayani mai tsawo. Tattara kalmomin da masu fentin mota suke amfani da su a garuruwan ƙasar Hausa, tare da daidaita rubutunsu, aiki ne da yake jiran masu nazarin harshe.